Dukiyar Ƙaruna: Daga gargaɗin Alƙur'ani zuwa haƙar kaburbura a Masar da Turkiyya

Idan Bahaushe ya so kwatanta mai dukiyar da ta wuce lissafi, sunan Ƙaruna yake kamawa. Haka Balarabe yake yi, haka ma mutumin Turkiyya. Sai dai a wasu ƙasashe sunan bai tsaya a kwatance ba: ya zama sunan tafki, da tsohon gini, da tarin zinariya, har ya sa mutane ɗaukar diga da shebur suna neman abin da ƙasa ta haɗiye.

Asalin labarin yana cikin Suratul Ƙasas, daga aya ta 76 zuwa ta 82. Ƙaruna mutum ne daga cikin jama'ar Annabi Musa (AS), wanda aka bai wa taskokin da makullansu kaɗai ke nauyaya wa ƙarfafan maza. Ya yi girman kai, ya jingina arzikin ga iliminsa, sai ƙasa ta haɗiye shi tare da gidansa. A Littafin Ƙidaya na Attaura, sura ta 16, akwai labarin Kora, wanda ya yi wa Musa tawaye ƙasa ta buɗe ta haɗiye shi, kuma masana da dama na ganin mutum ɗaya ne. Alƙur'ani bai ambaci wurin da abin ya faru ba. Wannan giɓi ne tatsuniyoyin gargajiya suka cike, kowace al'umma ta jawo taskar zuwa ƙasarta.

A Masar, yankin Fayyum da ke kudu maso yammacin Alƙahira ne ya ɗauki sunan. A can akwai Tafkin Ƙaruna, mai ruwan gishiri, wanda ake faɗa a baki cewa dukiyar na kwance a ƙarƙashinsa. Kusa da gaɓarsa ta yamma akwai wani gini na dutse mai ɗakuna da matakala masu yawa, da ake kira Fadar Ƙaruna. Binciken masana kayan tarihi ya nuna cewa ginin ba fada ba ne. Wurin bauta ne na Sobek, abin bautar tsofaffin Misrawa mai siffar kada, an kuma gina shi a zamanin sarakunan Girkawa da suka mulki Masar, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin Annabi Musa. Duk da haka imani da taskokin da aljanu ke gadi bai gushe ba a ƙauyukan Masar. 'Yan damfara na karɓar kuɗi da sunan sallamar aljanin, wasu kuma na haƙa ramuka a cikin gidajensu, ramin ya rufta da su, ko su faɗa hannun hukuma, domin dokar kayan tarihi ta 1983 ta haramta irin wannan haƙa.

A Turkiyya kuwa, sunan ya haɗu da na wani sarki daban. Kirosus, sarkin Lidiya na ƙarshe, ya yi mulki daga birnin Sardis har Farisawa suka ci shi da yaƙi wajen shekara ta 546 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya shahara da dukiya, kuma a zamaninsa aka buga kuɗin zinariya tsantsa. Da tafiya ta yi nisa, mutanen yankin suka riƙa kiran sa Karun, labaran biyu suka cakuɗe.

Tun daga 1965, wasu mazauna ƙauyuka a lardin Ushak suka fara fasa tudun kaburburan manyan Lidiya, suka kwashe sarƙoƙi da awarwaro na zinariya, da tuluna da kwanoni na azurfa, har da zanen da aka yanko daga bango. Dillalai suka fitar da kayan a ɓoye, gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saye su tsakanin 1966 da 1970. Ɗan jarida Özgen Acar ya bi sawunsu shekara da shekaru. Gwamnatin Turkiyya ta shigar da ƙara a 1987, kuma a 1993 aka mayar mata da kaya 363, waɗanda a yau ake kira Taskar Karun. A ƙauyukan da aka yi haƙar, mutane sun daɗe suna danganta masifun da suka sami wasu mahaƙan da la'anar kaburburan.

Dawowar kayan ba ta kawo ƙarshen kwaɗayi ba. A 2006 aka gano cewa an sauya mafi shahara daga cikinsu, wani adon ƙirji na zinariya mai siffar doki da fukafukai da jelar kifi, da na jabu a gidan tarihin Ushak. Kotu ta ɗaure daraktan gidan, sannan aka gano na ainihin a Jamus, aka dawo da shi a 2013.

Babu wata hujja da ta nuna cewa kayan Ushak na Kirosus ne shi kansa, balle na Ƙarunan Alƙur'ani. Asarar da aka tafka kuwa a fili take: duk kabarin da aka fasa cikin gaggawa, an shafe bayanin wanda aka binne a ciki, da lokacinsa, da yadda mutanensa suka rayu, kuma kuɗi ba ya mayar da wannan. A ayoyin da labarin ya samo asali, waɗanda suka yi burin samun irin dukiyar Ƙaruna sun wayi gari suna godiya da ba a ba su ba. Masu haƙa a Fayyum da Ushak sun riƙe sunan mutumin da nauyin makullansa, suka bar wannan ɓangare na ƙissar.