Kwikwiyon Saye Ko Tsintacce?

Yau ba zancen soyayya na kawo muku ba, zancen kare ne, kuma kar ku yi dariya. A nan Kurmin Kogi, har Makarfi da Kudan, gidaje da yawa na ajiye kare don gadin awaki ko gonar masara da rake, malamai kuma sun ce ajiye shi don farauta ko tsaron gona da dabbobi ya halatta. To wa ke zuba masa ƙanzo? Mu. Wa ke wasa da shi? Ƙannenmu. Ashe muna da ta cewa.

Hanya biyu ce. Ko Baba ya saya wurin maharbi mai kiwon karnuka, ko Yaya ya tsinto a bola. Mai kiwo na kirki zai nuna uwar, ya faɗi halinta, ba zai raba ta da ɗanta ba sai ya yi sati 8. Wanda ya ɓoye uwar, a bar masa kayansa.

Tsintacce kuwa abin tausayi ne, ciyar da shi lada ne. Sai dai ba a san abin da ya cije shi a yawonsa ba, ciwon haukan kare kuma yakan ɓuya a jiki har watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, sai dai addu'a.

Ni dai shawarata, kowanne aka zaɓa, a fara kai shi wurin malamin dabbobi, ko asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A yi masa allurar riga-kafi in ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa. Tsintacce a ɗaure shi nesa da yara har likita ya yarda.

In kuwa ya ciji wani, Allah ya kiyaye, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a garzaya asibiti ran nan. Ku gaya wa su Inna. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.