Haruffa Huɗu Masu Baki Bakwai: Labarin "ough" a Turanci

Yaron da ya fara karatu da Hausar boko yana tasowa ne da ƙa'ida mai sauƙi: abin da ido ya gani shi baki ke faɗa. Da zarar ya san baƙi da wasali, babu kalmar da za ta gagare shi. Ranar da ya haɗu da haruffa huɗun nan na Turanci, o, u, g da h, a jere, ranar ce wannan ƙa'ida ke rushewa.

Ga though, wato "ko da yake", wadda ƙarshenta ke fita da sautin "o". A sa mata r a tsakiya ta zama through, "ratsawa ta cikin abu", sai ƙarshen ya koma "u". A cire wa though h na farko ta zama tough, "mai tauri", sai a ji "af", kamar yadda ake ji a rough, "mai kaushi", da enough, "abin da ya isa". Cough, wato tari, da trough, komin da ake shayar da dabbobi, su kuma "of" suke ƙarewa da shi. Bough, reshen bishiya, da plough, garma, da drought, farin da ke ƙone amfanin gona, duk da "au" ake faɗarsu. Thought, bought da brought, wato tunani da saye da kawowa, "o" ne mai tsawo. Thorough, aikin da aka yi ba a bar komai ba, a bakin Baturen Ingila da ɗan gajeren "a" take ƙarewa. Bakwai ke nan. Akwai ma wani gari a Ingila da ake rubutawa Loughborough, haruffan sun fito sau biyu a sunansa, kowanne da nasa furucin: Lafbara.

Ba kuma ma'ana ce ta haɗa su ba. Me ya haɗa tari da garma? Wannan ya sha bamban da tele da ke farkon telephone da television, wadda ta fito daga Girkanci da ma'anar nesa, har ɗalibi zai iya cankar ma'anar sabuwar kalma da ita. Abin da ya haɗa dangin ough tarihi ne.

A zamanin mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, gh ba ado ba ne. Sauti ne da ake fitarwa daga maƙogwaro, irin wanda duk almajiri ya sani a farkon kalmar Larabci "khairan". Jamusanci, ɗan'uwan Turanci, yana riƙe da shi har gobe: through a wurinsu durch ce, brought kuma brachte, night ita ce Nacht. Mutanen Sikotland ma suna faɗarsa a kalmar loch, wato tafki. A Ingila ne sautin ya bi ruwa. A wasu kalmomin ya ɓace ɗungurungum, a wasu ya rikiɗe ya koma "f", shi ya sa cough da laugh suke ƙarewa haka. Ana cikin wannan kuma, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, dogayen wasulan harshen suka yi ta gusawa daga inda suke, kowace kalma ta bi tata hanya.

Shi rubutu bai bi su ba. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster, daidai lokacin da furuci ke tsakiyar sauyawa. Sannu a hankali maɗaba'u suka daidaita rubutu, ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya zo ya ƙara masa ƙarfi. Baki ya ci gaba da tafiya, alƙalami ya tsaya. Wanda ya rubuta through a yau, furucin mutanen da suka rasu shekara ɗari shida da suka wuce yake rubutawa.

An yi ƙoƙarin gyara. Noah Webster, mai ƙamus ɗin Amurka na 1828, ya dage kan sauƙaƙa rubutu, kuma yau Amurkawa plow suke rubutawa. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta yi amfani da sauƙaƙƙen rubutun kalmomi 300, ciki har da tho da thru. Majalisa ta ƙi, ya janye a cikin shekarar. Sai dai a kan allunan talla da saƙonnin waya thru ta samu mafaka.

Kada mu ce namu rubutun ba shi da irin wannan tarko. Hausar boko ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa suke da fuska ɗaya a takarda, haka "gari" na zama da "gari" na tuwo. Ba ma tuntuɓe a kansu domin kunnenmu ya san su tun kafin idonmu ya gan su.

Nan ne nake ganin ana cutar yara. A azuzuwa da yawa ana rubuta kalmomin a allo, a sa yaro ya karanta abin da bai taɓa ji ba, in ya faɗi through kamar tough a yi masa dariya ko a ɗaga bulala, alhali hankali ya yi amfani da shi, rubutun ne ya saɓa alkawari. Malamai, ku fara furta kalmar yara su ji, su maimaita, su sa ta a jimla, sannan a rubuta. Ku koyar da su gida-gida: rough, tough da enough yau, bought, fought da thought gobe. Ku kuma gaya musu cewa gh ɗin nan a da ana faɗarsa, domin yaron da ya san dalilin abu ya fi saurin riƙe shi.