Ko Ka San Yadda Na'ura Ke Lissafin Kuɗin Kujerarka?

Ko ka san cewa ranar da maniyyaci ya tura wa kamfanin jirgin yawo kuɗin kujerar Umra, manhajar da aka tsara yadda ya kamata ba ta rubuta ko kwabo a matsayin cinikin kamfani? Kuɗi sun shiga banki, alat ya faɗo a wayar mai kamfani, an miƙa wa maniyyaci rasit, amma abin da na'ura ta rubuta a littafinta shi ne bashi. Kamfani ake bi. Maniyyaci yana bin sa tikiti, biza, ɗaki a Makka da Madina, da motar da za ta yi jigilarsa. Sai ranar da aka sauke masa wannan nauyi kuɗin za su tashi daga shafin bashi su koma shafin ciniki.

Dalili kuwa shi ne, duk kuɗin da suka motsa, sau biyu manhaja take rubuta su: inda suka fito da inda suka sauka. Wannan tsari ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya bayyana shi a littafin da aka buga a birnin Benis a 1494, kuma tun kafin nan fataken ƙasar suna aiki da shi. Idan maniyyaci ya ba da kafin alƙalami, shafin banki zai ƙaru, shafin kuɗin jama'a da ke hannun kamfani shi ma zai ƙaru daidai wa daida. In ɓangarorin biyu suka saɓa ko da naira ɗaya ce, na'ura ba za ta yarda a rufe shigarwar ba. Dokar akantoci ta duniya da ake kira IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, a kan haka ta tsaya: ba a ƙirga kuɗi a matsayin ciniki sai an yi aikin da aka karɓe su dominsa.

A ce wani kamfani a Kano ya shirya Umrar azumi ta mutum 40, kowa zai biya naira miliyan 4. Kafin watan Sha'aban ya ƙare, naira miliyan 160 na kwance a asusunsa. Wanda ya leƙa banki zai ce mai kamfani ya yi arziki, alhali kuwa matsayinsa ɗaya da uwar adashi: kuɗi jibge a hannunta, amma kowace naira da mai ita. Manhaja tana buɗe wa wannan tafiya fayil nata na kanta, kowane matafiyi kuma da lambarsa. A ƙarƙashin lambar akwai abin da ya biya, cikon da ya rage da ranar da ake jiransa, sannan abin da kamfani zai kashe a kansa: kaza na jirgi, kaza na otal, kaza na biza, kaza na mota, da kamashon ejan ɗin da ya kawo shi daga Funtuwa ko Azare. Tun kafin a biya ɗaya daga cikin waɗannan, na'ura ta riga ta ware su a matsayin bashin da ke tafe. Abin da ya saura bayan an zare su shi ne riba, kuma sau da yawa ɗan siriri ne idan aka ajiye shi kusa da miliyoyin da ido ya gani.

Akwai kuma tambayar da manhaja ke buƙatar amsarta tun a wurin saiti: kamfanin nan dillali ne ko mai kaya? In tikitin jirgi kawai ya sayar a madadin kamfanin jirgin sama, cinikinsa shi ne ladan da ya samu a kai, ba kuɗin tikitin gaba ɗaya ba. In kuwa shi ya haɗa jirgi da masauki da mota ya sa musu farashi ɗaya, ya kuma ɗauki alhakin komai, to duk kuɗin cinikinsa ne, duk ɗawainiyar ma tasa ce. Haraji yana bin wannan bambanci.

Inda aikin ya fi tsanani, a ganina, shi ne canji. Da naira ake karɓar kuɗi, amma da riyal ake biyan mai otal a Makka, riyal kuwa ɗaure take da dala tun 1986, riyal 3.75 a kan dala ɗaya. Saboda haka duk lokacin da naira ta zame a gaban dala, ta zame a gaban riyal. Manhaja tana riƙe kowane bashi da kuɗi iri biyu. Tana rubuta farashin canji na ranar da aka kama ɗakunan, ta sake rubuta na ranar da aka biya, tazarar da ke tsakani kuma ta jefa ta wani shafi na daban, na ribar canji ko asararsa. Amfanin wannan warewa shi ne mai kamfani ya gane ko shi ne bai iya yanka farashi ba, ko kuwa kasuwa ce ta juya masa baya.

Alhazan Najeriya sun ɗanɗana wannan. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sake wa naira mara, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira ɗari huɗu da sittin da 'yan kai ta haura ɗari bakwai cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. A watan Maris na 2024 Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta nemi maniyyatan da suka riga suka biya kujera su ciko kimanin naira miliyan 1.9 kowannensu. In hukumar gwamnati ta shiga wannan hali, me za a ce da ƙaramin kamfanin da ya yanka farashi tun watan Rajab, ya bar kuɗin a naira, ya zo biyan otal a Sha'aban? Manhaja ba ta hana naira faɗuwa. Abin da take yi shi ne ta nuna wa mai kamfani kowace safiya riyal nawa ake bin sa, da naira nawa zai kashe in yau zai biya. Mai hankali kan ga wannan adadi ya sayi riyal ɗinsa da wuri.

Tikiti kuma hanyarsa daban. Kamfani, a matsayinsa na ejan, yana kama kujera ta manyan rumbunan jiragen sama irin su Amadeus da Sabre, kuma ba ya biyan kowane kamfanin jirgi shi kaɗai. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana da tsarin da ake kira BSP, wanda aka fara a Japan a 1971. Yana tattara duk tikitin da ejan ya yanka a cikin wani wa'adi, ya turo masa takardar biya guda, sannan ya raba wa kamfanonin jirage haƙƙinsu. Aikin manhaja a nan shi ne ta jera lambobin tikitin da ke littafinta kusa da na takardar, ta fito da waɗanda ba su dace ba: tikitin da aka soke amma aka caje, ko tarar da kamfanin jirgi ya ɗora saboda kuskuren farashi. Ejan da ya kasa biya a kan lokaci ana iya rufe masa ikon yanka tikiti, kuma a tsakiyar hada-hadar Umra wannan tamkar rufe shago ne.

Amfanin kiran kuɗin maniyyaci bashi yana fitowa fili ne ranar da tafiya ta fasa. A 2020, da annobar korona ta sa Saudiyya ta dakatar da Umra ta kuma hana mahajjatan ƙasashen waje zuwa, kowane kamfani ya fuskanci tambaya ɗaya daga mutane masu yawa a lokaci guda: ina kuɗina? Wanda littafinsa ke tsaf zai iya buɗe lambar mutum ya ce ga abin da ka biya, ga abin da ke hannun otal, ga na jirgi, ga wanda ke banki. Wanda lissafinsa ke warwatse tsakanin littafin makaranta da saƙonnin WhatsApp, ko da niyyarsa fara ce tas, zai sha wuya kafin ya wanke kansa.

Girma ma ba ya tsare kamfani. Thomas Cook na Ingila, wanda ya faro tun 1841, ya durƙushe a watan Satumban 2019 saboda nauyin bashi, ya bar 'yan Birtaniya kimanin 150,000 a ƙasashen waje, sai da hukumar jiragen saman ƙasar ta yi hayar jirage ta kwaso su. Masu tafiyar da aka haɗa musu jirgi da masauki sun sami kariya daga tsarin ATOL, wanda Birtaniya ta kafa tun 1973. Wasu kamfanonin can kuma suna zuba kuɗin matafiya a asusun amana na daban, wanda ba a sakin abin da ke cikinsa sai bisa sharuɗɗa, kuma rahoton manhaja ne ke nuna nawa ya halatta a cira. Ina ganin wannan ɗabi'a ta fi cancanta da masu jigilar baƙin Allah fiye da kowa, domin kuɗin kujera sau da yawa tarin shekaru ne, ko gonar da aka sayar.

Manhajar kirki kuma ba ta da abin gogewa. In ma'aikaci ya shigar da miliyan 2 alhali miliyan 1 aka biya, ba zai iya share layin ba. Dole ya sake wata shigarwa da ke warware ta farko, sannan ya rubuta daidai, kuma layukan uku za su zauna a wurin da sunan wanda ya shigar da su da ranar da sa'ar. Shi ya sa rasit ɗin da ya fito daga na'ura, mai ɗauke da lambar kujera da cikon da ya rage, ya fi rubutun hannu a bayan katin kamfani nauyi idan magana ta kai gaban hukuma ko alƙali.