Kukis: Ɗan Katin Da Shafi Ke Bari A Wayarka

Jama'a, a 'yan shekarun nan kusan duk shafin intanet da muka buɗe sai wani ɗan allo ya tare mu, yana neman mu amince da kukis. Yawancinmu dannawa muke yi mu wuce, don sauri. To, mene ne wannan abu da muke amincewa da shi kullum?

A Turance kuki wani irin biskit ne, amma wannan ba na ci ba ne. Guntun rubutu ne, wanda yawanci bai wuce kilobait 4 ba, da shafi ke ajiyewa a cikin burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome da Firefox. Wani injiniyan kamfanin Netscape a Amurka, Lou Montulli, shi ya ƙirƙiro shi a 1994, saboda shafin intanet ba ya tuna kowa. Da ka matsa gaba ya manta da kai.

Mu ɗauki misalin mai ajiye kaya a tashar mota. Ka ba shi jakarka, ya ba ka kati mai lamba. Bai riƙe fuskarka ba, lambar ya sani. Haka kuki yake. Idan ka shiga asusunka da kalmar sirri, sai shafin ya ba burauzarka lamba, ita kuma ta riƙa nuna masa duk lokacin da ka dawo. Shi ya sa ba a sake tambayarka kalmar sirri, kuma harshen da ka zaɓa yake nan yadda ka bar shi. Kuki ba ƙwayar cutar kwamfuta ba ce, ba ya kuma buɗe hotunanka.

Amma fa duk wanda ya kawo kati, shi ne mai jaka. Nan ne abin ya shafe mu. A zangunanmu waya ɗaya takan zagaya gida, daga uba zuwa 'ya'ya da ƙanne, wasunmu kuma a kwamfutar shago suke cike takardun makaranta ko na neman aiki. Idan ka tashi ba ka fita daga asusunka ba, wanda ya zauna bayanka zai karanta wasiƙunka, har ya aika saƙo da sunanka, ba tare da ya san kalmar sirrinka ba.

Akwai kuma kukis na 'yan talla. Kamfani ɗaya yakan sa tallarsa a shafuka masu yawa, ya ba ka lamba guda, ya riƙa gane ka duk inda ka leƙa. Dalili ke nan da takalmin da ka duba jiya yake biyo ka shafin labarai yau. Tarayyar Turai ta gyara dokarta a 2009, ta ce sai an nemi izini kafin a ajiye irin waɗannan, kuma asalin allon nan ke nan. Firefox ya fara toshe masu bin sawu a 2019, Safari ya toshe na waje gaba ɗaya a 2020. Google kuwa ya yi alkawarin cire su daga Chrome, amma ya janye a 2024.

Shawararmu ga masu karatu ita ce: idan allon ya fito, a nemi maɓallin ƙin yarda, ko a amince da na dole kaɗai. A shiga saitin burauza, sashen sirri, a toshe kukis na waje. A na'urar da ba taka ba, buɗe tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, don tana goge kukis da zarar an rufe ta. Sai dai ba ta ɓoye ka ga kamfanin layinka. Wanda zai goge kukis duka, ya tabbata yana tune da kalmomin sirrinsa, domin shafuka za su sake tambaya.

Matasa, ku zauna da iyayenku ku nuna musu yadda ake fita daga asusu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu.