Wahalar da Jiki Ke Sha a Ƙwallon Masu Ƙafa Ɗaya

A shekarar 2018, a garin San Juan de los Lagos na ƙasar Meziko, Angola ta doke Turkiyya da bugun fenariti, ta ɗauki kofin duniya na ƙwallon masu ƙafa ɗaya. Bayan shekara 4 Turkiyya ta rama a Istanbul da ci 4 da 1. Ba abin mamaki ba ne a ga waɗannan ƙasashe a kan gaba, domin dukansu suna da tarin samarin da nakiya ta raba da ƙafafunsu. Haka nan Saliyo, wadda yaƙin basasa na 1991 zuwa 2002 ya bar wa dubban nakasassu, ita ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta farko a Firitawun a 2007, inda Gana ta yi nasara.

Wani Ba'amurke mai suna Don Bennett ya ƙago wasan a birnin Seattle a farkon shekarun 1980. Kowane gefe mutum 7 ne: shida masu ƙafa ɗaya, sai mai tsaron gida wanda ke da ƙafa biyu amma hannu ɗaya. Ana yin minti 25 sau biyu, a fili mai tsawon kimanin mita 60 da faɗin mita 40, kuma babu dokar satar gida. Ɗan wasa yakan tuɓe ƙafar roba, ya dogara da sanduna biyu na ƙarfe, irin masu zoben da ke riƙe hannu a ƙasan gwiwa. Taɓa ƙwallo da sanda ko da dungu da gangan laifi ne, daidai da taɓa ta da hannu.

Daga wannan ƙa'ida wahalar take farawa. Mai ƙafa biyu yana tsayawa a kan ɗaya ya yi bugu da ɗayar. Mai ƙafa ɗaya kuwa, da zarar ya ɗaga ta don bugu, babu abin da ke riƙe shi sai hannuwansa. Wato nauyinsa gaba ɗaya, haɗe da ƙarfin gudun da ya zo da shi, yana sauka a tafin hannu, ya bi ta wuyan hannu da gwiwar hannu, ya ƙare a kafaɗa. To, kafaɗa ba a halicce ta don ɗaukar nauyi irin na ƙugu ba. Gurbin ƙashin ƙugu mai zurfi ne kamar turmi, na kafaɗa kuwa kamar faifai yake, tsokoki huɗu ne ke riƙe kan ƙashin damtse a cikinsa. Idan aka yi ta danna ƙashin sama sau ɗaruruwa, igiyoyin waɗannan tsokoki sukan gogu da ƙashin da ke bisansu, su kumbura, wani lokaci su tsage. A wuyan hannu kuma akwai wata matsattsiyar kafa da babbar jijiyar saƙo take bi. Yawan danna ta a kan mariƙin sanda kan jawo sanyin yatsu da jin kamar ana tsira musu allura, musamman da dare. Bororo da kanta a tafin hannu kuwa, 'yan wasa ba su ma lissafa su cikin ciwo.

Ƙafar da ta rage ita ma ba ta huta ba. Ita ke tsalle, ita ke dira, ita ke taka birki, ita ke bugu. Likitoci sun daɗe da lura cewa guringuntsin gwiwar lafiyayyar ƙafa yakan riga na sauran mutane zaizayewa, ko da mai ita ba ya wasa. Abin lura a nan shi ne, targaɗen da zai hana wani ɗan ƙwallo wasa na mako biyu, shi wannan zai hana shi zuwa ko da bayan gida ne. Ciwon kafaɗa ma haka, tun da da kafaɗar yake tafiya.

Akwai kuma batun zafi. Gudu da sanduna ya fi gudu da ƙafa biyu cin ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda ƙananan tsokokin hannu ne ke yin aikin manyan tsokokin cinya, sai zuciya ta ƙara sauri don kai musu iska. Ga shi kuma ƙafa guda ta ɗauki kimanin kashi 18 cikin 100 na faɗin fatar jiki. Wanda aka yanke wa ita daga sama ya rasa babban fagen fitar da gumi, don haka jikinsa ya fi saurin ɗaukar zafi. Dokar wasan kuma ta yarda a canja 'yan wasa ba iyaka.

Sai dai ciwon da ya fi ɗaure kai shi ne na gaɓar da babu ita. Fiye da rabin waɗanda aka yanke wa ƙafa ko hannu sukan ji zugi, ko ƙuna, ko murɗa a yatsun da aka binne tun tuni. Likitan sojan Faransa Ambroise Paré ya bayyana shi tun ƙarni na 16, amma an daɗe ana ɗaukarsa ruɗu ne kawai. Ba ruɗu ba ne. Jijiyar da aka datse takan yi ƙoƙarin tsirowa, ta dunƙule a bakin dungu ta zama ƙululu mai saurin jin taɓi. Ƙwaƙwalwa kuma tana nan riƙe da taswirar jiki cikakkiya, duk saƙon da ya zo ta wannan hanya sai ta fassara shi da cewa daga ƙafar ya fito. Saboda haka idan ɗan wasa ya faɗi a kan dungunsa, yana iya jin azabar a diddigen da ba shi da shi. Gajiya da sanyi da ɓacin rai sukan tayar da shi.

A shekarun 1990 masani V. S. Ramachandran ya gwada wata dabara mai arha: a ajiye madubi yadda majiyyaci zai ga hoton lafiyayyar gaɓarsa a gurbin wadda ta tafi, ya riƙa motsa ta yana kallo. Wasu sukan sami sauƙi, wasu ba sa samu. A fili kuwa, abin da masu horarwa suka fi dogara da shi shi ne naɗe dungu da laushin ƙyalle, da daidaita tsawon sanda da tsayin mai ita, da ƙarfafa tsokokin baya da na allon kafaɗa tun kafin a fara koya wa sabon ɗan wasa bugu.