Zafi Na Sama, Mai Gida Na Ƙasa

Yau tsintuwarmu daga dogayen ɗakuna take, da kwamfutar da ke ƙoƙarin gane halinsu, da abin da maginan ƙasar Adar suka riga ta sani.

Akwai manhajoji irin su EnergyPlus, wadda ta fito a 2001, da ake zana musu gini tun ba a haƙa tushe ba, su lissafa zafin da zai kwasa da wutar da zai sha a kowace sa'a cikin sa'o'i 8,760 na shekara. Ba a kwaɓa ƙasa ba, an san kuɗin lantarki!

Sai dai in ba a gyara mata ba, manhajar ɗauka take iskar ɗaki a gauraye take, zafi ɗaya daga daɓe har rufi. Duk wanda ya taɓa hawa tsani ya share yanar gizo a saman wani zaure a Madawa cikin watan Afrilu ya san ƙafa na shan sanyi, ƙeya na dahuwa. A tambayi mai tsintsiya!

Dalili kuwa, iska mai digiri 40 ta fi mai digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 6 cikin 100, shi ya sa take hayewa ta taru can sama. Mai zafin kai, sai bene.

To yaya masana ke yi da babban falo mai tsayin hawa biyu ko uku? Yanka shi suke yi a cikin kwamfuta hawa-hawa, su raba da rufin da babu shi a zahiri, sannan su ce wa manhajar iska na ratsawa. In abin ya faskara, su koma ga wata da ke bin iskar gurbi-gurbi, wadda kan ci sa'o'i kafin ta ba da amsar yanayi guda. Ɗaki ɗaya, suna uku!

Magininmu shi da hannu ya warware. Azara, wato giginyar da aka tsaga, ba ta ɗaukar nauyin rufi a faɗin da ya wuce kamar mita 2, sai ya ɗaura bakan gizo ya ɗaga rufin sama, ya bar ƴar taga can kusa da shi. Iska mai zafi ta sulale ta nan, wata ta shigo ta ƙofa, bangon ƙasa mai kauri kuma ya riƙe zafin rana bai sake shi ba sai dare. Gaishe ku, magina!

Falon nan mai rufin gilashi da ake yayi a manyan otal, kakansa gidan Romawan da ne: ɗaki a tsakiya, rami a rufi, kwarmin tara ruwan sama a ƙasa. Ashe tsakar gida ce ta sa hula.

Ga wani abin lura ga mai sha'awar gilashi a ka. Madawa, Buza da Keita suna wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar ka, a tsakanin nan kuma ta arewa take bi da azahar. Wanda ya kwafo zanen Faransa bai duba ba, ya gina wa kansa tanda.

Manoman albasar kwarin Tarka ma sun san karatun hawan iska. Rudu, bukkar ajiyarsu, a kan dandamali take, iska ta shiga ta ƙasa, ta ratsa albasa, ta fita ta ciyawa da gumin da zai ruɓar da ita. Ba mita, ba takardar biya!

Manhaja kuwa ba ta aiki sai an ba ta bayanin yanayi, galibi daga tashar awo ta filin jirgi, inda iska ke gudu ba shamaki. Amma a kwarin Majiya, wajen Buza, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 suna karya gudun iska, kan duwatsun Keita kuma wani labari ne daban. Iskar filin jirgi ba ta kowa ba ce!

A ƙasashen sanyi, da gangan ake kunna fankar rufi a dogon ɗaki don ta turo ɗumin da ya maƙale sama zuwa ƙasa. Mu nan, in an manna ta dab da kwano a bazara, wannan aikin za ta yi mana ba mu aike ta ba. A ƙara mata tsawon sanda, malam mai waya!