Rogo Da Fari: Wane Iri Za Mu Dasa?

Garin kwaki da a ke sayarwa a kasuwar Sabon Gari, yawancinsa daga Kudu manyan motoci su ke kawo shi. Shi ya sa wasu su ke tsammani rogo ba amfanin ƙasarmu ba ne. Amma dattawan da su ka ga farin 1972 da 1973 sun san darajar abin da ya ke iya jira a cikin ƙasa sa'ad da gero da dawa su ka ƙone.

Ga yadda rogo ya ke yi. Ganyensa yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan ruwa ya ke fita. In iska ta bushe, sai ya rufe su. In fari ya yi tsanani, sai ya zubar da ganye, ya rage girma, saiwarsa kuwa tana iya nutsewa har wajen mita 2 tana neman laima. Da ruwa ya sauka, sai ya sāke toho.

Amma fa akwai lokacin da ba ya jimrewa, wato daga wata 1 zuwa wata 5 bayan dashe, sa'ad da ya ke kafa saiwa. Fari a wannan lokaci yana iya rage amfani da kashi ɗaya cikin uku, har ma fiye da rabi. Damunarmu a Kano kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka wanda ya bar rogo sai ya gama da hatsi a watan Agusta, ya makara. Mu dasa da zarar ruwa ya zauna.

Cibiyar IITA, wadda a ka kafa a Ibadan a 1967, ta yi gwajin irin rogo a gonarta ta Minjibir, domin ta ga waɗanda za su iya da ƙasa mai ƙarancin ruwa. Cikin irin da su ka bazu akwai TMS 30572, mai yawan rassa, wanda inuwarsa ta ke danne ciyawa, da TME 419 na shekarar 2005, mai miƙewa tsaye. Dukansu suna jimre cutar da ta ke nannaɗe ganye. Duk da haka ba mu ce a yar da irin gida ba. Shawararmu ita ce a dasa su kunya kusa da kunya, a lura da wanda ya fi riƙe ganye a watan Maris, a kuma auna abin da kowanne ya bayar ranar haƙa.

A yanka kara mai ƙwari, tsawon taƙi ɗaya, mai ido 5 zuwa 7. A yi shinge, gama da rani awaki ba su da wani kore sai shi.

Mata kuma su lura ƙwarai. Fari yana ƙara dafin da ke cikin rogo. In an ɗanɗana an ji ɗaci, kada a dafa wa yara. A fere shi, a jiƙa kwana 3 ko 4, a shanya ya bushe sarai kafin a daka.